Cikon da Baba Ya Sa Aka Yi Mini

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Ya Hajiya Rabi da yara? Mu nan Tsafe lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Ka tuna haƙorin nan nawa da shan alewa ya cinye muna yara, har Baba ya goya ni a babur ya kai ni Gusau aka yi mini ciko? To, shi ne ya tasa ni gaba. Ko ruwan randa na sha sai in ji shi har cikin kunne. Na yi ta cusa kanumfari yadda Inna ke yi mana, na ƙi zuwa asibiti, tunda ina ganin cikon yana nan daram.

Da abin ya ishe ni na je. Likita ya ce gefen cikon ne ya saki, ɗan tsagi da ido ba ya gani, ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga suna cin haƙorin ta ƙasa. Sai na tuno Baba a kan soro kafin damina, yana bin gefen yaɓe da yatsa yana neman inda ruwa zai ratsa.

An cire baƙin, an sa fari mai kama haƙori sosai. Ciwo ya tafi. Amma har yau harshena na neman wurin nan mai kaushi, Yaya. Ashe shi kaɗai ya rage mini daga Baba.

Ka sa shi a addu'a, mu ma kada ka manta da mu. Inna na gaishe ku duka.

Ƙanwarka,
Hadiza