Sai da Ta Ƙetare Teku Ta Tambayi Kakanta

Zuwa ga Shugaban makarantar likitoci inda jikata Nafisa ke karatu.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da malamanka. Ban yi boko ba. Faɗa nake ana rubutawa, kuma na hana a gyara mini magana.

Na farko, godiya. Kun tura amaryar tawa wani asibiti a ƙasar waje ta ƙaro sani. Ta ce can, kafin ɗalibi ya taɓa na'ura, sai malami ya zaunar da shi gaban mara lafiya, ya tambayi sana'ar gidansu, da ruwan da suke sha, da inda ake niƙa musu hatsi. Madalla da wanga koyarwa.

Na biyu, ƙorafi. Bayan Babbar Sallah ta kira ni a waya. Malaminsu ya ji daga Zamfara take, ya ce ta yi wa ɗalibai bayanin gubar dalma. Na littafi ta zuba shi tas. Da anka tambaye ta yadda gubar ta shiga gidaje, sai ta ce ba ta sani ba. Tana ƙarama lokacin da gubar ta afka wa ƙauyenmu, tana wajen gwaggonta a Gummi. Ni na gaya mata: dutsen zinari mai dalma a ciki ake kawowa gida, mata su daka shi a turmin gero, yara na rarrafe cikin ƙurar. Da jijjiga ta fara kama su, iska munka ce, munka yi ta turare. Ƙanenta Sani na cikin waɗanda munka rufe.

To, Shugaba, shekarunta nawa a hannunku? Sai baƙo ne zai tura ta wajen kakanta?

Na uku, roƙo. Ku ci gaba da tura su waje, ban hana ba. Amma kafin ku sa su jirgi, ku ɗora su bisa babur zuwa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Tabarma da fura na wuyana. Sunayen yaran nan duk suna kaina, har da na iyayensu mata.

Turminmu na kife shi can bayan gari, nesa da yara. An yi an yi a binne shi, na ƙi, sai ɗalibanku sun gani da idonsu. Shi icce ne, zai jira. Ni ne ban yi alkawari ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya maido mana Nafisa lafiya.

Wassalam.

Kakan Nafisa, daga ƙasar Bukkuyum.