Ampilin Masallacin Baba

Litinin, 8 ga Yuli, 2024, Yekuwa
Kwana uku ke nan ampilin masallacinmu, na'urar ƙara murya, ya mutu. Baba shekara talatin da ɗaya yana ladanci, amma muryar ta tafi. In ba lasifika, ko gidan da ke jikin masallaci ba sa jinsa. Jiya mutum shida suka yi la'asar. An fara raɗe-raɗin a ba da ladancin ga Inusa mai awo, wanda in ya yi tari ana ji har bakin rijiya. Liman ya ce a kai wa Shamsu mai gyara a Magarya. Sai ga ni, da bakina, gaban jama'a: "Wannan ɗan abin? Ku bar mini." Don ina koyar da lissafi a lakkol, makarantar boko, na ɗauka komai na iya. Ban taɓa riƙe ƙarfen liƙi ba.

Laraba, 10 ga Yuli
Na buɗe shi. Wayoyi biyu ne suka ɓalle daga allon ciki. Na sayo ƙarfe da dalma a Dungas, na sa ƙarfen cikin garwashin shayi tunda ba kuran, wato lantarki. Dalmar ta ƙi kamawa, sai dai ta dunƙule ta gangara. Na ƙone yatsa biyu. Balki ta ce, "Mushe, ka cinye mini gawayi, ga ɗaki na wari." Ta daina ce mini Mushe, yadda ake kiran malaman lakkol, tun aurenmu, sai in za ta yi mini dariya.

Alhamis, 11 ga Yuli
Na koma Dungas wurin Maikuɗi mai liƙin bokiti. Shi dalmarsa gudu take kamar ruwa. Asirin wani ruwan batir ne da yake shafawa da gashin kaza. Ya zuba mini a kwalbar magani. Na shafa wa allon, har da inda bai lalace ba, don ƙarin ƙarfi. Ta kama! Tas, tana ƙyalli.

Juma'a, 12 ga Yuli
Muryar Baba ta kai har gonaki. Masallaci ya cika. Da muka fito ya dafa kafaɗata. Na yi ta yawo a gari ba dalili.

Lahadi, 21 ga Yuli
Ampilin yana ɗan shaƙewa. Ƙila sanyin damina ne.

Juma'a, 26 ga Yuli
Ya ɗauke tsakiyar kiran salla. Baba bai sani ba, ya ci gaba, yatsa a kunne, jijiyar wuya a miƙe, ba mai ji sai mu na kusa. Inusa ya fita waje ya ƙarasa da bakinsa. Bayan salla liman ya ce, "Malam Idrisa, ka huta haka, ka yi wa Allah aiki." Baba ya ce to. To kawai.
Na buɗe ampilin a gida. Duk inda na shafa ruwan nan ya yi kore, siraran hanyoyin jan ƙarfe sun cinye. Da aka tambaye ni na ce tsufa ne. Kunya kamar in nutse.

Litinin, 29 ga Yuli
Azahar ta yi, Baba ya miƙe kamar kullum. Ya sa takalmi ɗaya sai muryar Inusa ta tashi. Ya daɗe tsaye a zaure kafin ya sa ɗayan.

Laraba, 31 ga Yuli
Magarya, a kan moto, wato babur, cikin laka. Shamsu ya shinshina allon ya dube ni. "Mushe, bokiti ka ɗauke shi? Wancan ruwa na masu kwano ne. Dalmar rediyo da ƙaronta a ciki take zuwa." Na koyar da ƙanensa, yau shi ke kama mini hannu. Ya ce a zafafa wurin tukuna, sannan a kawo dalma, ba a ɗiga ta daga sama. Na ce ni na ɓata, ni zan gyara. Ya ba ni mataccen rediyo in yi ta koyo a kai.

Asabar, 10 ga Agusta
Kwana goma. Na wanke allon, na haɗa hanyoyi goma sha huɗu da siririyar waya, ɗaya bayan ɗaya. Na jona da batirin pano mai aiki da hasken rana, ya yi magana. Na naɗe shi a tsumma na tura ƙarƙashin gado. In ba a mayar wa Baba ladanci ba, Inusa ya yi ta fasa maƙogwaro.

Litinin, 12 ga Agusta
Na gaya wa Baba gaskiya, har da kwalbar. Na ce in ya yarda zan je wurin liman, a mayar masa. Ya ce, "Hamisu, ranar nan ban ji ya ɗauke ba. Ladanin da ba ya jin kansa fa?" Sai ya tambaya ko an yi ruwa a garin Mallawa.

Talata, 13 ga Agusta
Na kai ampilin masallaci. Ba don Inusa ba, ƙura ce ke shigarsa ƙarƙashin gado. Ni na ɗaura wayar, na nuna masa inda zai tsaya da makirfo, ya yi ta godiya har na ji nauyi. Da la'asar ina zaune da Baba a zaure kiran ya tashi. Baba ya karkato kunnensa mai kyau, ya saurara har ƙarshe yana amsawa a hankali.
Ya ce, "Wannan na ji shi."