Katifar da Ba a Cire wa Leda Ba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya aiki, ya hidimar iyali? Allah Ya dafa maka. Inna tana gaishe ka, kuma ka san gaisuwarta idan ta zo kanka ba ta da ƙarshe, don haka na taƙaita maka ita.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali ga waya. Dalili shi ne a waya ba ka barina in kai aya. Ina fara magana sai ka ce ka gane, ka gane, sai kuma an kira ka taro. Takarda dai ba a katse ta, iyaka a ajiye ta a dawo.

Katifar da ka saya wa Inna yau sati biyar ke nan da isowarta. Ƙarti huɗu suka shigo da ita, sai da aka cire ƙyauren ɗaki kafin ta shige. Maƙwabta sun leƙo sun sa albarka, Inna ta yi kukan daɗi har mayafinta ya jiƙe. Na gode, Allah Ya saka da alheri. Na faɗi wannan tun farko don kada ka ce ƙanwarka ba ta da godiya.

To amma Yaya, katifar nan ba ta Inna ba ce. Ka san tun da ta faɗi a banɗaki aka yi mata aikin ƙugu, likita ya ce maganinta shi ne ta riƙa tashi tana takawa kullum. A kan tsohuwar katifarta da ka sa aka kyautar, duk da ramin da ta yi a tsakiya, Inna tana jan jiki zuwa baki, ta dafa sandarta mai ƙafa huɗu ta miƙe. Wannan kuwa da aka ɗora ta a kan gado tsayinta ya kawo mini ƙugu. Idan Inna ta zauna a bakinta ƙafafunta reto suke yi, ga taushi, tana kwanciya sai ta nutse kamar an jefa cokali a kunu. Yanzu ni nake ciccibo ta, kuma saboda tana jin nauyin wahalar da ni, ta daina cewa za ta tashi.

Sai maganar leda, wadda ka ce kada a kuskura a cire don kada katifar ta yi datti. Katifa dai ba ta yi datti ba, tana nan fes kamar yau aka ƙera ta. Inna ce take kwana cikin gumi. Zannuwan gadon nan masu sheƙi da ka haɗo ba sa shan ruwa, kuma ba sa zama a kan leda, kafin safiya sun tattare a ƙarƙashin bayanta. Ni ɗinki ne sana'ata shekara ashirin, ina taɓa yadi na san na ado ne ko na kwana.

Shekaranjiya nas ɗin da ke zuwa duba ta ta kira ni gefe ta nuna mini wani jan tabo a ƙasan bayan Inna, inda ƙashi ya fi kusa da fata. Ta ce farkon gyambon kwanciya ne, idan ya fashe sai an yi watanni ana wanki. Ta kuma ce tsohuwar da ta daina takawa a irin wannan lokacin, sau da yawa ba ta sake takawa. Tun daga ranar abinci ba ya mini daɗi.

Na san idan ka kira Inna za ta ce maka barci take kamar jaririya. Ni da nake shimfiɗa tabarma a gefenta na san ba haka ba ne, duk motsin da ta yi ledar nan sai ta kai ƙara. Da na yi mata maganar canji, cewa ta yi gara bayanta ya ruɓe da a ce ta raina kyautar ɗanta na fari.

Don haka izini nake nema in canza mata katifa da shimfiɗa. Ina tambaya ne don kai ne babba, ba don ban san abin da ya dace ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Ka gaida Anti da yara. Na bar ka lafiya.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka tare da fatan kowa na lafiya a gidanka. Na ji ƙaramar ɗiyarka ta yi zazzaɓi, Allah Ya ƙara mata sauƙi.

Saƙonka ya iso ta bakin Anti. Ka ce katifar ita ce mafi tsada a shagon, ka ce nas ba ta fi masu ƙera katifa sanin katifa ba, ka ce in ƙara wa Inna fanka in daina neman magana. Fanka na ƙara. Bayan kwana shida tabon ya fashe. Ni na riƙe wa nas kwanon wanki, na ga Inna ta cije gefen mayafinta don kada in ji ta yi ƙara. A nan na yanke shawara, kuma ba zan ɓoye maka ba, ban sake tunanin neman izininka ba.

Washegari na ɗauki tef ɗina na awo, na zaunar da Inna a kujera, na auna daga bayan gwiwarta zuwa ƙasa. Na auna tsayin gadon ba katifa. Na bar maƙwabciyata a wurinta, na rufe shagona, na tafi inda ka yi sayayyarka ta waya.

Mai katifar dattijo ne mai ban dariya, tabarau a kan hanci. Ya tuna da kai sarai. Ya ce ka kira ka ce a ba ka wadda ta fi kowacce tsada da kauri, kai ba ka faɗi wanda zai kwanta a kai ba, shi ma bai tambaya ba, don a sana'arsa ba a yi wa mai kuɗi tambaya biyu. Da na gaya masa tsohuwa ce mai aikin ƙugu sai ya dafe kai, ya ce wannan katifar ta ango da amarya ce masu ƙashi lafiyayye. Cinikin biri a sama ka yi, Yaya.

Ya ce ba a zaɓen katifa da tafin hannu, sai an kwanta. Ni kuwa na cire takalmi, na gyara mayafi, na miƙe a tsakiyar shago mutane suna wucewa suna kallo. Wata mata har ta tsaya tana tambaya ko lafiya. Ko a jikina. Ya koya mini in kwanta rigingine in cusa hannu ƙarƙashin gadon bayana. Idan hannun ya shige sakayau, katifar ta yi tauri da yawa. Idan ya ƙi shiga sam, mutum ya nutse, ta yi taushi. Wadda ake so ita ce hannu ya shige da ɗan ƙoƙari. Daga nan in juya gefe in ji ko tana danne mini kafaɗa da ƙugu, sannan in zauna a bakinta in miƙe ba tare da na dafa komai ba. Katifa bakwai na kwanta a kai. A ta biyar barci ya fara fizgata, sai da dattijon ya yi gyaran murya ya ce shagon ba masauki ba ne.

Ta biyar ɗin na ɗauka. Ba ta kai rabin taka kauri ba, bakinta ba ya lotsewa, kuma da na haɗa kaurinta da tsayin gado ya zo daidai da awon ƙafar Inna, da ɗan ƙari kaɗan kamar yadda nas ta ce a yi saboda ƙugun.

Yanzu ga abin da zai ɓata maka rai, gara ka ji daga bakina. Katifarka ta koma shago. Dattijon ya zo da kansa ya zagaya ta, ya ga ko ƙwarzane babu a ledar, ya ce zai karɓa a yi musaya, ya ciko mana da filo uku. Ka ga ledar nan ta yi rana sau ɗaya a rayuwarta. Sabuwar kuwa tun a ƙofar gida na sa almakashi na farke tata ledar daga sama har ƙasa, kuma na daɗe ban ji daɗin yanka irin na ranar ba.

Zanen gado ni na ɗinka. A kasuwa mai yadi ya rantse mini abin da ya miƙo auduga ce zalla. Na zare zare ɗaya na ƙyasta ashana, ya narke ya dunƙule kamar roba, na miƙa masa abinsa. Sai a shago na uku zaren ya ci wuta ya zama toka, na ce a yanko mini. Na wanke shi sau biyu ya saki, na sa roba a kusurwoyi huɗu don ya kama katifar ba tattara. A tsakiya na shimfiɗa ɗan ƙyalle mai hana ruwa wucewa, iya faɗin ƙugunta kawai, da wani zanen a kai. Filo ɗaya a kai, ɗaya tsakanin gwiwoyi, ɗaya a bayanta idan na juya ta gefe.

Ban rubuto don neman afuwa ba, na rubuto ne don kada ka ji a bakin wani. Idan faɗa za ka yi, ka yi da ni, kada ka kira Inna da maganar.

Ina gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Anti da yara. Gaisuwar nan daga zuciya take, ko da ka ƙi amsa ta kamar yadda ka ƙi ɗaukar wayata sati uku.

Duk abin da ka faɗa ya dawo kunnena. Na ci maka mutunci, na mayar da kyautarka kamar kayan aro, na nuna wa duniya ba ka iya kula da uwarka ba, kuma idan ka zo ƙarshen wata sai na durƙusa na ba ka haƙuri a gaban Inna. Yaya, tun ina ƙarama nake durƙusa maka, a kan laifina da wanda ba nawa ba. Wannan karon gwiwata ba za ta taɓa ƙasa ba.

Ga labarin Inna, tunda ba ka tambaya ba. Gyambon ya fara haɗewa, nas ta rage zuwa daga kullum zuwa sau biyu a mako. Gumin nan ya tafi. Ranar Talata da hantsi ina tsakar gida ina shanya, sai na ji ƙarar sandarta a kan siminti. Na juyo na gan ta a bakin ƙofa a tsaye, ita kaɗai, tana haki tana dariya, wai ta zo ta ga ko na iya shanya ne. Wata biyu rabon da ta ga tsakar gidanta. Na zauna a kan bokiti na yi kuka har ta fara yi mini tsiya.

Akwai abin da ba ka tambayi kanka ba. Yaya aka yi matar da ta ce gara bayanta ya ruɓe ta yarda aka fitar da katifarka daga ɗakinta? Ƙarya na yi mata. Na ce kai ne ka kira, ka ce ka yi bincike ka gano waccan ba ta dace da ƙugunta ba, ka ba da umarni a canza. Na ce kai ka zaɓi sabuwar, kai ka ce a cire leda, kai ka ce a nemo auduga. Ba ta yi musu ko sau ɗaya ba, cewa ta yi dama ta san ɗanta ba ya barci idan ita ba ta yi ba.

Tun daga ranar, kowace safiya idan ta farka sai ta shafa zanen da na ɗinka da hannuna, ta ɗaga hannu ta yi ta sa maka albarka. Duk wanda ya shigo dubiya sai ta ba shi labarin hankalinka. Ni ina gefe da kofin shayi ina cewa amin. Ba zan yi maka ƙaryar cewa ba ya mini ciwo ba, yana yi, wani lokacin har sai na fita waje. Amma na auna ciwon nan da ƙafar Inna a ƙasa, na ga zan iya ɗauka.

Don haka idan ka zo ƙarshen wata, ɗakinka a share yake. Inna za ta taso da ƙafarta ta tarbe ka, za ta kama hannunka ta kai ka ka taɓa katifar, ta gode maka. Idan har yanzu kana son in durƙusa a gabanta, to sai ka fara gaya mata laifin da na yi, da bakinka, tana tsaye. Ni dai ba zan faɗa mata ba har abada.

Allah Ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Auta