Majalisa Ta Ɓace Daga Jikin Firji

Maryvonne,

Na fita. Jirgin zuwa birnin Rennes ba ya jiran tsoho, jarrabawar aikin gwamnati kuma ƙarfe tara ce.

Jiya da kika goge kicin, ina kika kai takardun karatun da na manna? Da wurarensu na haddace su. Majalisar dattawa a jikin firji take, haraji kusa da tukunyar kofi. Yau na tarar da haraji a ƙofar bayi, majalisa ta ɓace. Yanzu ban san wa ke naɗa wa ba a ƙasar nan.

Don Allah ki mayar da su, akwai jarrabawar baka a gaba. In na faɗi, sai in ƙara wata shekarar a aikin kwantiragi.

Kin ce ƙwaƙwalwa za a gwada, ba firji ba. To, ina kike zaton tawa take?

Hervé