Garin Kifi a Miyar Inna

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ke yin garin ɗanɗanon miya mai hoton ganye da tumatir.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali da ma'aikata baki ɗaya.

Ni 'yar Kara ce ta ƙasar Gwarzo, aure ya kawo ni Kabo. Mahaifiyata, da muke kira Inna, mai daddawa ce. Mun tashi muna kwaso ɗorawa a bayan gari, mu shanye garin, mu tara mata kalwa. Ta dafa, ta surfa, ta wanke, ta lulluɓe a kwando har ta nuna. Warin yakan kama zannuwanmu, yara su yi ta tsokanarmu a makarantar allo. Amma duk gidan da aka kaɗa miyar kuka a unguwarmu, da hannun Inna a ciki, kuma mai saye ya san abin da ya saya: kalwa ce, da ruwa da wuta.

Tun tana yarinya jikinta ba ya karɓar kifi. Duk Kara an sani. Ko gidan suna ta je, ba sai ta tambaya ba, an riga an ware mata nata.

Yanzu ta tsufa, bishiyoyin ɗorawar ma an sare yawancinsu, na ɗauko ta tana wurina. Ga ƙorafina.

Na farko: bayan Babbar Sallar bara na sayi garinku a kasuwar Kabo. A gaban ledar kun rubuta da Hausa, da manyan baƙaƙe, cewa daga tsirrai aka yi shi. Na zuba a miyar kuɓewa. Inna ba ta gama cin tuwon ba leɓɓanta suka kumbura, numfashi ya fara gagararta. A kan babur maigidana ya kai ta asibiti, ina riƙe da ita ta baya ina salati. Allah ya sa da sauran kwana.

Na biyu: da muka dawo muka juya ledar. Can ƙasa, kusa da inda aka liƙe bakinta, da Turanci, da rubutu kamar ƙafar kiyashi, an sa garin kifi. Ranka ya daɗe, in kun san mai saye Bahaushiya ce har kuka yi mata talla da harshenta, me ya hana ku yi mata gargaɗi da shi?

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai: Inna ta warke, amma ta daina yarda da tukunya. Matar da ta ciyar da unguwa guda, yau in na ajiye mata kwano sai ta ɗaga kai ta ce, “'Yar nan, me kika sa a ciki?” Ni da ta haifa take tambaya.

Ba diyya nake nema ba. Roƙona ku cire kalmar tsirrai daga gaban ledar, ko ku cire kifin daga ciki. In ya zauna, ku rubuta shi a gaba, da Hausa da ajami, yadda tsohuwa za ta gani ba tare da tabarau ba. Ku kuma sanar da 'yan kasuwar ƙauye, don su muke tambaya, su ma ba su sani ba.

Allah ya sa albarka a kasuwancinka, ya tsare maka halalinka. In mahaifiyarka na raye, Allah ya ja da ranta, ya sa ta ci abincin hannun 'ya'yanta da kwanciyar hankali.

Wassalam.

Ɗiyar Inna mai daddawa,
Kabo.