Jarrabawa a Kunnen Mai Barci

Auta,

Sannu da aiki, injiniya. Da asuba na kunna kwamfuta in gwada muryar da za ta karanta wa ɗalibata makauniya jarrabawarta yau. Shiru. Ashe gyaran da ka yi mini jiya, haɗa ta ka yi da abin jin waƙarka na kunne. Na leƙa ɗakinka, tana ta zuba maka tambayoyi kana munshari. Har gudu ka ƙara wa muryar, kamar mai tallan magani.

Na mayar da komai yadda yake. Kada ka nemi abin kunnen, yana jakata sai yarinyar ta gama.

Tunda kai ka fara jin tambayoyin, in na dawo zan ji amsoshinka.

Yayarka