Motar da Ta Kai Baba Zaɓe

Lancashire, 18 ga Oktoba, 1931

Zuwa ga mijina Seth,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kuma aikin da ka samu a Coventry bai karya maka baya ba. Yaya sanyi a can? Ka riƙa sa safar da na saƙa maka, don na san halinka. Mu nan lafiya, sai gajiya. Masaƙa har yanzu a rufe take, kullum unguwa shiru kamar Lahadi.

Zaɓe ya sake zagayowa, ko gama hutawa daga na baya ba mu yi ba. Duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa neman ƙuri'a cewa yake ƙasa zai ceta. Ni kam da za a sami mai ɗauke mini wankin Litinin, da shi zan ba ƙuri'ata. Baba ne abin ya tsaya wa a rai. Ƙurar audugar masaƙar nan ta gama da ƙirjinsa, daga gado zuwa bakin murhu sai ya tsaya ya huta. Likita ya ce kada ya kuskura ya hau tudun makarantar da ake zaɓe da ƙafa. Ya kuma ja ni gefe ya ce da wuya ya fita daga sanyin bana. Ban faɗa masa ba, amma ya sani. Shi ya sa ya kafe sai ya jefa wa jam'iyyar Leba ƙuri'arsa ta ƙarshe da hannunsa.

Ned mai kwal ya ce zai kai tsofaffinmu a keken dokinsa kamar yadda ya saba, hankalina ya ɗan kwanta.

Matarka mai kewarka,
Lavinia

25 ga Oktoba

Zuwa ga mijina Seth,

Bayan gaisuwa, wasiƙarka ta iso, na ji daɗi da tarin ya sake ka. Baba yana gaishe ka.

Dokin Ned ya gurgunce, babu keke ke nan. Ka san Leba a garin nan, baki ne da su, ko taya ɗaya ba su da ita. Motoci duk na abokan hamayyarmu ne, masu shuɗi. Jiya ɗiyar mai masaƙa, wadda ke tuƙa motar ubanta, ta bi layi tana tambayar tsofaffin da ke son a kai su. Ga jar takardarmu ta Leba manne a taga, ta gani sarai, amma ta ce ba komai, za ta ɗauki Baba.

Ai kowa haka yake yi. Matar Duckworth ta maƙwabta cewa take ranar zaɓe kaɗai take shiga mota a shekara, masu shuɗi su kai ta da mansu, ta shiga ta zaɓi ja, a dawo da ita tana ɗaga hannu kamar amarya. Na ba Baba labarin don ya yi dariya, sai ya haɗe rai. Ya ce wannan ha'inci ne, mutum ba ya shiga motar mutane sannan ya shiga ɗakin zaɓe ya juya musu baya. Ya ce da ƙafarsa zai je.

Yau ya gwada, wai yana motsa jini. Ko fitilar ƙarshen layi bai kai ba ya durƙushe. Ni da Ned muka kinkimo shi, leɓensa har ya canja launi. Seth, na gaji. Na gaji da lallashi, na gaji da sauraron numfashinsa ta bango. Ɗazu na je na ce wa yarinyar ta zo ranar Talata, ranar zaɓen. Shi bai sani ba. In ya ga mota a ƙofa ba zai kunyata ni gaban baƙuwa ba.

Taka kullum,
Lavinia

28 ga Oktoba

Zuwa ga mijina Seth,

Ina gaishe ka, da fatan ka tashi lafiya. Ka riga ka ga sakamako a jarida, an yi mana kaca-kaca, har kujerar garinmu ta tafi. Ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Jiya motar ta zo da hantsi, ana yayyafi, an ɗaure mata ƙyallaye shuɗaye har a fitila. Baba ya leƙa ta taga, ya juyo ya dube ni. Ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci ya fita. Duk layi aka fito ƙofa. Duckworth ya ɗaga murya ya ce wa Baba, "A'a, Josiah, yau kuma an zama manya? A gaishe mana da mai masaƙa!" Aka yi ta dariya, har ni na yi, don dai a wuce wurin.

Yarinyar kuwa ban ga laifinta ba. Ta lulluɓe masa gwiwa da bargonta, ta riƙe shi a matakalar makarantar taki ɗaya ɗaya, tana jira ya maida numfashi. Ba ta yi masa zancen zaɓe ba ko kalma guda. Ya daɗe a ciki, ita tana tsaye a ruwa tana jiransa. Da ta sauke mu ya cire hula ya ce mata ya gode.

Da na zaunar da shi bakin murhu, na tsokane shi na ce to, da mansu suka kai shi ya rage musu ƙuri'a. Ya miƙa hannuwansa ga wuta. Sannan ya ce, "Ban zana komai ba, Lavinia. Hannuna ba zai zaɓi shuɗi ba. Yarinyar nan kuma ta riƙe ni har bakin ƙofa. Farar takarda na jefa."

Seth, ka ji abin da na jawo. Ni ƙirjinsa kawai nake tunani, ban taɓa kawowa zai yi haka ba, alhali na fi kowa sanin ubana. Babu kuma wani zaɓe da zai gani.

Da ya yi mini faɗa da ya fi sauƙi. Yau da safe na kai masa shayi, ya karɓa ya ce ya gode, daidai yadda ya faɗa wa yarinyar. In da hali ka zo ranar Lahadi, wataƙila kai ya yi maka magana.

Ka huta lafiya, Allah ya kiyaye mini kai.

Matarka,
Lavinia